Ziyara Gaiman, Garin Da Mutanen Wales Suka Kafa Don Kada Harshensu Ya Mutu

Daga Wakilinmu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin labarin wani ɗan gari can ƙuryar kudancin ƙasar Ajantina, inda wai za ka tarar da yaro yana magana da Sifaniyanci kamar kowane ɗan ƙasar, amma da ya shiga aji sai ya gai da malamarsa da harshen mutanen Wales, watau wani yanki na Birtaniya wanda ke nesa da shi da fiye da kilomita 11,000. Sunan garin Gaiman, yana cikin lardin Chubut, a yankin nan da ake kira Patagoniya. Da Allah ya nufa aiki ya kai ni Buenos Aires, babban birnin ƙasar, sai na ce lalle ba zan komo gida ba sai na je na ga wannan abin mamaki da idona.

Daga Buenos Aires zuwa birnin Trelew tafiyar kamar awa biyu ce cikin jirgin sama. Tun kafin a sauka mutum zai gane ya shigo wata duniya dabam. Iyakar ganinka fili ne fetal, mai launin toka, babu itace babu gida, sai 'yan ƙananan ƙayoyi da tsakuwa. Ruwan saman da ake samu a nan cikin shekara guda bai cika kai milimita 200 ba, ga kuma wata iska mai naci wadda ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. Ana cikin haka, kwatsam sai ka hango wani koren zare ya ratsa wannan fako daga yamma zuwa gabas. Wannan shi ne kwarin Kogin Chubut, wanda ya taso daga duwatsun Andes ya yi tafiyar wajen kilomita 800 kafin ya faɗa Tekun Atlantika. Gaiman tana bakin wannan kogi, kimanin kilomita 17 yamma da Trelew, kuma a ƙidayar 2010 mutanenta dubu shida ne da 'yan ɗaruruwa.

Kafin mu shiga garin, ya kamata mai karatu ya san abin da ya raba waɗannan mutane da ƙasar iyayensu, gama in ba a san wannan ba, duk abin da za a gani a Gaiman sai ya zama kallo kawai.

DALILIN ƘAURA

Mutanen Wales suna da harshensu na kansu, wanda suke kira Cymraeg, kuma ba shi da kusanci da Ingilishi ko kaɗan ta wajen fahimta. A tsakiyar ƙarni na 19 wannan harshe yana cikin ƙunci a gidansa. Kotu da ofis da Ingilishi suke aiki. A cikin 1847 wani rahoton Gwamnatin Birtaniya kan ilmi ya fito yana aibata harshen, yana cewa shi ne ke hana mutanen ci gaba. A waɗansu makarantu kuwa akan rataya wa yaro ɗan katako a wuya idan an ji ya yi magana da harshen uwarsa, wanda kuma aka tashi yana rataye da shi, shi zai sha bulala. Talauci ya kori dubbai zuwa Amurka, amma can ɗin ma ba a tsira ba, don kuwa kafin jikoki su girma harshen ya narke cikin Ingilishi kamar gishiri cikin ruwa.

Wani malamin addinin Kirista mai suna Michael D. Jones, shugaban wata kwaleji a garin Bala, ya zauna Amurka ya ga wannan da idonsa. Sai ya ƙudura cewa magani ɗaya ne: a nemi wata ƙasa mai nisa, inda babu mai jin Ingilishi, a kafa sabuwar Wales wadda majami'arta da makarantarta da majalisarta duk da harshensu za su yi aiki. Gwamnatin Ajantina kuwa a lokacin tana neman Turawan da za su zauna mata a Patagoniya, domin ta ƙarfafa da'awarta ta mallakar yankin. Aka aiki mutum biyu, Lewis Jones da Love Jones-Parry, suka gana da Ministan Harkokin Cikin Gida, Guillermo Rawson, suka kuma leƙa yankin a farkon 1863. Majalisar dokokin Ajantina ta ƙi yarda a ba su mulkin kai kamar yadda suka so, saboda tsoron kada Birtaniya ta bi bayansu ta ƙwace ƙasar. Abin da aka amince shi ne a ba kowane iyali gona ta kimanin eka 100.

SAUKA A BAKIN TEKU

Ran 28 ga Mayu, 1865, wani jirgin ruwa mai suna Mimosa, wanda a da ganyen shayi yake dako, ya tashi daga Libaful ɗauke da mutane wajen 153, maza da mata da yara. Wata biyu cur suka yi bisa teku. Ran 28 ga Yuli suka sauka a gaɓar da yanzu birnin Puerto Madryn yake. Mai karatu ya tuna cewa a kudancin duniya watan Yuli shi ne tsakiyar hunturu. Wani ɗan littafi da aka buga musu a gida ya zuzuta ƙasar, ya nuna ta mai ciyawa ce da ni'ima, amma abin da suka tarar shi ne fako da sanyi da iska, babu ko ruwan sha mai daɗi. Tilas suka fake cikin 'yan ɗakunan da aka sassaƙa a jikin dutse mai taushi a bakin teku. Har yanzu sauran waɗannan ramuka suna nan, a wurin da ake kira Punta Cuevas.

A wannan wuri ne, cikin 1995, masu aikin gini suka tono ƙasusuwan wata mace. Shekara ashirin aka yi ana bincike, sai a 2015 gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa Catherine Roberts ce, ɗaya daga cikin matan da suka zo cikin Mimosa, wadda ta rasu kafin ta cika wata guda a sabuwar ƙasar.

Daga bakin teku suka ratsa daji na wajen kilomita 60 zuwa kogin, suka kafa garinsu na farko suka sa masa sunan Rawson, wanda shi ne babban birnin lardin a yau. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, manoman cikinsu 'yan kaɗan ne. Da yawa masu haƙar kwal ne, da masu fasa dutse, da teloli, da masu ɗinkin takalma. Suka yi shuka irin ta gida suna jiran ruwan sama, ruwa bai zo ba. Inda kuma aka shuka kusa da kogi, ambaliya ta zo ta share. A cikin 1867 har sun tattara nasu ya nasu sun koma bakin teku da niyyar barin ƙasar, kafin aka lallashe su suka yarda su ƙara gwadawa.

TAIMAKON MASU ƘASA

Patagoniya ba kango ba ce kafin zuwansu. Akwai mutanen Tehuelche, mafarauta masu yawo bisa dawaki, waɗanda kakanninsu suka yi dubban shekaru a yankin. A cikin 1866 wani shugabansu da ake kira Francisco ya iso sansanin baƙin tare da iyalinsa. Baƙin sun tsorata da fari, amma aka rabu lafiya, daga nan kuwa hulɗa ta ƙullu. Su ne suka koya wa mutanen Wales hawan doki irin na dajin, da farautar gwanako, wata dabba mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, da farautar wani babban tsuntsu ɗan'uwan jimina. Makamin farautar igiya ce mai duwatsu a bakinta, a kaɗa ta a wurga, ta harɗe ƙafafun dabba.

Ciniki ya biyo baya. Mutanen Tehuelche su kawo nama da fatu da gashin tsuntsu, su karɓi gari da sukari da burodi. Burodin ya shiga ransu ƙwarai, har suka riƙe sunansa da harshen Wales, watau bara. Bahaushe in ya ji an ce mutum ya zo ƙofar gida yana cewa bara, sai ya zaci roƙo ne. A nan kuwa musaya ce tsakanin masu ƙasa da baƙinsu, kuma in da akwai mabukaci a cikinsu a waɗannan shekaru, to, baƙon ne. Fatu da gashin tsuntsun da aka riƙa aikawa Buenos Aires su ne suka riƙe sansanin kafin noma ya kankama.

DABARAR RACHEL JENKINS

Abin da ya juya tarihin kwarin ya faru ne a ƙarshen 1867, a gonar wani mutum mai suna Aaron Jenkins. Shukarsa tana bushewa, ga kogi cike yana wucewa dab da ita. Labarin da jama'ar kwarin suka riƙe shi ne, matarsa Rachel ce ta lura cewa idan kogin ya cika, fuskar ruwan takan ɗara gonar tsawo, saboda haka in aka fasa gaɓar kaɗan ruwa zai gangaro da kansa. Mijin ya ɗauki shebur ya haƙa 'yar hanya, ruwa ya malala cikin gona, alkama ta yi kyau. Rachel ba ta daɗe ba bayan wannan, ta rasu a 1868, ba ta ga abin da dabararta ta haifar ba.

Daga wannan 'yar hanya aka gane cewa ƙasar ba matacciya ba ce, ƙishirwa ce ke damunta. Manoma suka haɗa kai irin na gayya, suka haƙa manyan hanyoyin ban ruwa a hagu da dama na kogin, da shebur da dawaki. Kafin shekara ashirin da 'yan kai, alkamar Chubut ta ci lambar yabo a bajekolin duniya na birnin Paris a 1889, ta kuma ci a Shikago a 1893. A cikin 1885 suka kafa kamfanin gama kai na saye da sayarwa, don kada 'yan kasuwar Buenos Aires su riƙa yi musu cin amana a farashi. A 1886 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Puerto Madryn, inda ta tsaya kuwa gari ya tsiro, aka kira shi Trelew, ma'ana garin Lewis, don girmama Lewis Jones. Majalisar da suka kafa wa kansu tun farko ta ba mata damar jefa ƙuri'a, a zamanin da matan Birtaniya ba su sami wannan dama ba.

CIKIN GARIN GAIMAN

Na shiga Gaiman da hantsi cikin motar haya, a watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya wuce itatuwa suka yi sabon ganye. Hanyar ta bi ta tsakanin gonaki, kowace an kewaye ta da dogayen itatuwa a jere domin tare iska. Alkama ta ja baya a kwarin. Abin da ake nomawa yanzu shi ne ciyawar dabbobi, da dankali, da kayan lambu, da 'ya'yan itacen nan ja ƙanana da ake kira ceri, kuma da yawa daga cikin masu noman lambun 'yan asalin ƙasar Bolibiya ne. Amma ruwan da suke ban gonakin da shi, ta hanyoyin da mutanen farko suka haƙa yake zuwa. Ɗaya daga cikinsu ta ratsa ta cikin garin, itatuwa sun sunkuyo mata, tana tafiya a hankali ta bayan gidaje.

Sunan garin ba na Wales ba ne. Daga harshen Tehuelche aka samo shi, ana fassara shi da tsinin dutse ko dutsen wasa wuƙa. Wani mai suna David Roberts ne ya gina gidan farko a 1874, da dutse da laka, kuma gidan yana nan tsaye, an mai da shi wurin tarihi. Ƙofarsa gajera ce, ɗakunan ƙanana, bangon kuwa mai kauri saboda sanyi. A cikin 1885 Gaiman ta zama gari na farko a Chubut da ya sami majalisar gari zaɓaɓɓiya.

Mutum zai iya zaga garin da ƙafa cikin rabin yini. Akwai titi mai sunan Michael D. Jones, wanda shi kansa sau ɗaya tak ya taɓa zuwa ƙasar da ya yi wa wahala, a 1882. A ƙofofin shaguna za ka ga kalmar Croeso, watau maraba, da hoton jan dodo mai fukafukai, tambarin Wales, wani lokaci an zana shi a tsakiyar tutar Ajantina mai shuɗi da fari. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta zama gidan tarihi tun bayan da aka daina jirgin a 1961. A ciki akwai akwatunan da aka ƙetaro teku da su, da tufafi, da butocin shayi, da littattafan addini da hannu ya cinye gefensu, da tsofaffin kofe na jaridar Y Drafod, wadda Lewis Jones ya kafa a 1891. Kusa da nan akwai ramin da aka huda a ƙarƙashin tudu a 1914 don jirgi ya wuce, mai tsawon kamar mita 300, wanda yanzu masu ziyara ke ratsawa da ƙafa.

Ƙetaren kogi majami'ar Bethel take, ta jan bulo, wadda aka gina a 1913, ga tsohuwar ta 1884 a gefenta. Irin waɗannan majami'u 16 ne suka rage a kwarin, kuma a zamanin da ba wurin ibada kaɗai ba ne. A cikinsu ake karatun yara, a cikinsu ake taron shawara kan rabon ruwa, a cikinsu ake koyon waƙar taro, wadda mutanen Wales suka shahara da ita.

GIDAN SHAYI

Da azahar gari ya yi tsit, shaguna suka rufe, sai iska kaɗai ke yawo a titi. Can wajen ƙarfe uku sai motoci suka fara shigowa da baƙi, gama abin da ya fi jawo mutane Gaiman a yau shi ne gidajen shayi. Mafi daɗewa cikinsu, Plas y Coed, tun 1944 yake aiki. A watan Nuwamba na 1995 Gimbiya Diana ta Birtaniya ta zo garin ta sha shayi a wani gidan mai suna Ty Te Caerdydd, abin da har yau ba a daina labarinsa ba.

Na shiga ɗaya daga cikinsu na zauna. Aka kawo butar shayi an sa mata hula saƙaƙƙiya don kada ta huce, sa'an nan aka cika tebur da burodin gida, da man shanu, da cuku, da kek iri iri har na rasa ta inda zan fara. Sarkinsu shi ne baƙin kek, wanda ake yi da jan sukari da busassun 'ya'yan inabi da kayan ƙamshi. Ba daga Wales aka zo da shi ba. A nan kwarin matan farko suka ƙirƙiro shi, don a sami abin da zai yi watanni bai lalace ba a lokacin ambaliya ko doguwar tafiya. Sai dai ina jan kunnen ɗan'uwa Musulmi da zai je, ya tambaya kafin ya kai baki, domin da yawa sukan zuba masa giya a wajen kwaɓi. Na tambaya, aka gaya mini gaskiya, na bar shi na kama burodi da man shanu.

Dattijuwar da ke kula da gidan ta yi mini magana da Sifaniyanci, ta yi wa 'yan aikinta da Sifaniyanci, amma da wata tsohuwa sa'arta ta leƙo, sai na ji harshe ya sauya, murya ta yi laushi. Wannan ne karo na farko da na ji harshen Wales a bakin mutane ba a jikin allo ba. Ya kuma sa na tambayi kaina, shin abin da aka ƙetare teku dominsa ya tsira, ko kuwa shayi da kek ne kaɗai suka rage?

YADDA HARSHEN YA SO SULLUƁEWA

Amsar farko a maƙabartar garin na same ta. Tsofaffin duwatsun kabari duk da harshen Wales aka rubuta su. Da ka matso waɗanda suka biyo baya sai ka ga Sifaniyanci yana shigowa, har ya mamaye. Sunayen ma haka suke, na yanka Carlos ko María, na iyali kuwa Jones ko Evans ko Williams.

An gudo wa Ingilishi, aka faɗa hannun Sifaniyanci. A cikin 1884 Gwamnati ta mai da Chubut yanki ƙarƙashin gwamnan da take naɗawa, mulkin kan baƙin ya ƙare. Kafin ƙarni na 19 ya fita, makarantun firamare sun koma hannun Gwamnati, koyarwa ta koma Sifaniyanci. Aka kuma tilasta wa samari atisayen soja ran Lahadi, ranar ibadarsu, rigimar da ba ta kwanta ba sai da Shugaba Julio Roca ya ziyarci kwarin a 1899. A wannan shekarar ce kuma wata babbar ambaliya ta rushe gidaje da gonaki. Waɗansu suka karaya, a 1902 fiye da mutum 200 suka tashi suka koma Kanada. Daga wajen 1911 sababbin baƙi daga Wales suka daina zuwa, alhali 'yan Sifaniya da Italiya da sauransu suna ta kwarara.

An yi ƙoƙarin tare wannan ruwa. Eluned Morgan, 'yar Lewis Jones, wadda aka haifa cikin jirgin ruwa a 1870 kuma ta zama marubuciya, tana cikin waɗanda suka tsaya aka buɗe makarantar sakandare ta Camwy a Gaiman a 1906. Amma da kamfanin gama kai ya karye a lokacin karayar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930, harshen ya rasa matsayinsa a kasuwa kamar yadda ya rasa a makaranta. Yaran da suka je aji ba su iya Sifaniyanci sosai ba suka zama abin ba'a, ana kiransu masu burodi da man shanu. Da waɗannan yara suka girma, da yawa suka ƙi koya wa nasu 'ya'yan, don kada su sha irin kunyar da suka sha. Ɗan katakon da aka gudo masa ya biyo su, sai dai wannan karon ba a wuya aka rataya shi ba.

FARFAƊOWA

Bikin cika shekara 100 da sauka, a 1965, shi ne ya sake ƙulla zumunci da Wales bayan dogon shiru. Aka farfaɗo da gasar nan ta waƙa da adabi da suke kira Eisteddfod. Yanzu kowace shekara ana yin ta matasa a Gaiman cikin Satumba, babbar kuma a Trelew cikin Oktoba, inda ake ba gwanin waƙar harshen Wales kujera sassaƙaƙƙiya, gwanin ta Sifaniyanci kuma a ba shi kambi. Ran 28 ga Yuli hutu ne a duk lardin, ana taruwa a majami'u a sha shayi don tunawa da ranar sauka.

Babban abin da ya sauya al'amari kuwa makaranta ce. Tun 1997 ake aiko malamai daga Wales kowace shekara su koyar da yara da manya. A 2006 aka buɗe makarantar firamare mai koyarwa da harsuna biyu a Trelew, ta Gaiman ta biyo a 2015, sa'an nan ta Trevelin a 2016, can gindin duwatsun Andes inda waɗansu daga cikin mutanen kwarin suka kafa zango na biyu bayan 1885. Ƙiyasin masu jin harshen a lardin yana tsakanin 1,500 da 5,000. Adadin ba shi da yawa, amma abin lura shi ne, cikin yaran da ke waɗannan makarantu akwai waɗanda ba su da kaka ko ɗaya daga Wales. Na tsaya a bakin makarantar Gaiman lokacin tashi, na ji yara suna yi wa malamarsu sallama da harshen Wales, suna fitowa ƙofa kuwa suka ruga wajen iyayensu da Sifaniyanci. A Wales ɗin kanta ma gwagwarmayar ba ta ƙare ba, gama ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen 538,300 ne, ƙasa da kashi 18 cikin ɗari na jama'ar.

WANDA AKA MANTA

Ba zai yi kyau a rufe wannan labari ba tare da an waiwayi masu masaukin ba. Tsakanin 1878 da 1885 sojojin Ajantina suka yi yaƙin da suka kira cin hamada, suka karkashe 'yan asalin Patagoniya, suka kama dubbai suka watsa su, aka raba ƙasarsu ga masu kiwon tumaki. Mutanen Wales sun rubuta wa hukuma suna roƙon a sassauta wa abokan cinikinsu, ba a saurare su ba. A cikin wannan hargitsi ne, a 1884, waɗansu 'yan ƙasar da yaƙi ya tarwatsa suka kashe samarin Wales uku a daji, na huɗunsu, John Daniel Evans, dokinsa Malacara ya tsallake wani rami da shi ya tsira. Gaskiya ɗaya ce, ko da yake baƙin sun zauna lafiya da masu ƙasa fiye da yawancin Turawan da suka ci ƙasashen mutane, zamansu a kwarin yana cikin abin da ya buɗe wa Gwamnati ƙofa, kuma sun sami filaye a inda aka kori waɗansu.

Jikokin Tehuelche suna nan, suna neman haƙƙinsu, waɗansu kuma suna ƙoƙarin koyon harshen kakanninsu daga abin da aka rubuta aka naɗa. Amma a watan Janairu na 2019 Dora Manchado ta rasu a lardin Santa Cruz, wadda ake ɗauka ita ce ta ƙarshe mai jin harshen sosai. Baƙon da ya zo neman mafaka ga harshensa yana da makarantu uku a yau, mai gidan da ya koya masa farauta kuwa nasa ya yi shiru. Sunan Gaiman kansa yana cikin 'yan kalmomin da suka rage a bakin jama'a.

Da la'asar sakaliya na koma bakin hanyar ruwan da ta ratsa gari na zauna ina jiran mota. Michael D. Jones ya zaci nisa zai kare harshe, ya sa teku tsakanin mutanensa da Ingilishi, amma harshen ya kusa mutuwa a lokacin da iyaye suka ji kunyar yin sa da 'ya'yansu, ya kuma ɗago kai a lokacin da aka mai da shi aji. Lamarinsa kamar na wannan kwari ne, inda kogi zai iya wucewa cike dab da gona, gonar kuwa ta bushe, sai in wani ya ɗauki shebur ya fasa masa hanya. Mai karatu wanda 'ya'yansa ke amsa masa da wani harshe in ya yi musu magana da nasa, ya tuna da abin da magabata suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.